Na'urar sanya danshi a ɗaki lokacin hunturu: tana da amfani, kuma wane ruwa ake zuba mata?

Maman Yara, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan abu da kyau kafin in fitar da kuɗina. Tun da hunturun bana ya kankama, ɗana mai shekara biyar bai yi mako guda cur ba tare da haɓo ba, kuma galibi cikin dare abin yake zuwa, sai dai mu wayi gari mu tarar da jini a kan matashin kansa. Ƙanwarsa, wadda ba ta cika shekara uku ba, tana fama da busasshen tari da toshewar hanci, ga leɓɓanta duk sun farfashe duk da man da nake shafa mata safe da yamma. Mun kai yaron asibiti an gwada jininsa, aka ce lafiyarsa ƙalau, likita ya ce bushewar cikin hanci ce, ya rubuta mana ruwan gishirin da ake ɗigawa a hanci, sannan muna shirin fita ya ƙara da cewa idan da hali mu nemi na'urar da ke sanya danshi a iskar ɗaki, wadda masu shago ke kira himidifaya.

Na shiga kasuwa na tarar da su iri-iri. Akwai ƙarama kamar kofin shayi wadda ake jonawa da cajar waya, akwai mai cin lita huɗu da ke fitar da farin tururi mai sanyi, akwai kuma wadda aka ce tafasa ruwan take yi. Mai shagon ya ce mini idan na ɗiga humra ko turaren ruwa a ciki, ɗakin zai kwana da ƙamshi, amma ban saki jiki da maganarsa ba domin shi ciniki ne a gabansa. Abin da nake son sani shi ne ko na'urar tana canza iskar ɗaki da gaske ko kuwa tururin ado ne kawai, da kuma irin da ya dace da ɗakin da yara ke kwana. Ruwan gidanmu na burtsatse ne, wanda ke barin farin abu a gindin buta, kuma wutarmu ba ta tsayawa, da ƙaramar inbata mai sola muke kwana. Yarinyar kuma akwai asma a dangin mahaifinta, shi ya sa nake tsoron kada garin neman gira a rasa ido.

Malamin Kimiyya, Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ba yaran lafiya. Ni ba likita ba ne, kimiyya nake koyarwa a makarantar sakandare, saboda haka zan tsaya a kan abin da ya shafi iska da ruwa da wuta, in bar maganar jiki ga masu ita.

Na'urar tana aiki, kuma yawancin waɗanda na ji suna cewa ba su ga amfaninta ba, a ɗakin da taga ke buɗe suka kunna ta, ko kuma ƙaramar nan suka saya. Dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi. Iska tana da iyakar ruwan da take iya ɗauka, kuma iyakar tana hawa idan zafi ya hau. A digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, kowane kubik mita na iska, wato akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, yana ƙoshi da kimanin giram 23 na ruwa. Idan aka ce danshin iska kashi 15 ne cikin ɗari, ana nufin abin da ke cikin wannan akwati bai kai giram 4 ba. Irin wannan lamba ba baƙuwa ba ce a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da tsakar rana a watannin Janairu da Fabrairu, domin iskar da ke kaɗo mana daga arewa maso gabas Sahara ta ratso, ba ta bi ta kan teku ba, kuma kaso mai yawa na farar ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa, wurin da a zamanin da can gindin wani ƙaton tafki ne. Iska mai ƙishirwa irin wannan tana tsotse ruwa daga duk abin da ta samu, ko wanki ne a kan igiya, ko ƙofar katako, ko fatar cikin hancin yaro. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka tana ba da shawarar danshin cikin gida ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50, saboda haka tazarar da ke tsakaninmu da wannan mizani a hunturu ba ƙarama ba ce.

Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita huɗu, faɗin huɗu, bisa uku, wato kubik mita 48. Domin ɗaga danshinsa daga kashi 15 zuwa 45 ana buƙatar ƙarin kimanin giram 7 a kowane kubik mita, jimla kusan sulusin lita ke nan, wanda bai kai ledar fiya wata ɗaya ba. Da ɗakin tulu ne mai murfi, da shi ke nan an gama. Amma busasshiyar iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga ta kori wadda aka jiƙa, kuma idan muka ƙaddara cewa iskar ɗakin tana sauyawa gaba ɗaya sau ɗaya a kowace awa, to a barcin awa takwas sai an fesa fiye da lita biyu da rabi. Ban da haka, a kwanakin farko katifa da labule da bango su ma sai sun sha nasu kafin ki ga lambar ta tsaya. Wannan ya isa ya nuna miki cewa mai kama da kofin shayi ba ta ɗakin kwana ba ce. Ki nemi wadda aka rubuta a kwalinta tana fitar da aƙalla mililita 300 a awa, mai tankin da bai gaza lita uku ba.

Game da irinsu, uku ne suka fi yawa. Mai farin tururi mai sanyi tana da wani ɗan faifai a gindinta wanda ke girgiza fiye da sau miliyan a daƙiƙa guda, ya farfasa ruwan ya zama feshi. Ba ta da ƙara, kuma wutar da take ci kamar wat 20 zuwa 30 ce, wadda inbatarki za ta ɗauka ba tare da wahala ba. Aibinta shi ne duk abin da ke cikin ruwan shi take watsawa sama, har da gishirin ƙasa irin wanda kike gani a gindin buta, wanda ke sauka ya zama farar ƙura a kan kaya, wani kuma a shaƙe shi. Ta biyu tana da lagwani mai faɗi da ke tsotso ruwa, fanka ta hura iska ta cikinsa, ruwan ya bi iska kamar yadda wanki ke bushewa. Ba a ganin tururinta, shi ya sa masu shago ba su cika son tallata ta ba, amma gishirin yana maƙalewa a lagwanin, kuma idan iska ta ƙoshi ita da kanta take rage aiki. Ta uku ita ce mai tafasa ruwa, wadda ke cin ɗaruruwan wat, za ta shanye batirinki kafin tsakar dare, kuma tukunyar tafasasshen ruwa ce a ɗakin da yara biyu ke yawo. Wannan kam ki cire ta daga lissafi.

Da ni ne, kafin in sayi na'urar sai in fara sayen ɗan ma'aunin danshi, mai kama da agogon tebur, wanda ke nuna zafi da kashin danshi a fuska ɗaya. Ba shi da tsada, kuma idan babu shi hasashe kawai mutum zai riƙa yi. Idan na'urar ta zo, ki ɗora ta a kan tebur inda hannun yara ba ya kai, kamar mita ɗaya ko fiye daga gado, nesa da soket da talabijin da littattafai, ki kuma ajiye ma'aunin a ɗaya gefen ɗakin, kada a bakin tururin.

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma akwai abin da ya fi zaɓen iri muhimmanci a wurina, wato abin da ke faruwa a cikin tankin bayan mako biyu, lokacin da ɗokin sabon abu ya wuce. Ruwan da ya kwana ya wuni a roba wuri ne da ƙwayoyin cuta da fumfuna ke hayayyafa, kuma mai farin tururin nan za ta ɗebe su ta fesa su daidai inda yaranki ke numfashi har gari ya waye. Akwai zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi da likitoci suka daɗe da sanin cewa daga na'urar da ba a wankewa suke zuwa, kuma mai asma ya fi kowa saurin jin su. Ƙa'idar ita ce kowace safiya a zare ta daga wuta, a zubar da ragowar ruwan, a goge cikin a bar shi a buɗe ya bushe, da dare a zuba sabo. Duk bayan kwana uku a yi mata wanki sosai, a jiƙa gindin da farin khal na kamar minti ashirin domin ya narkar da farin dattin da ya daskare, a goge da ɗan buroshi, a ɗauraye sau da yawa har warin ya tafi. Idan kin yi amfani da ruwan bilic na wanki don kashe ƙwayoyin cuta, ki tsarma shi ƙwarai, ki ɗauraye har sai babu alamar warinsa, kuma kada ki taɓa haɗa shi da khal a lokaci guda, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Maganar mai shago kuwa, ki bar masa abarsa. Kada ki zuba komai a tankin ban da ruwa: ba humra, ba turare, ba man zafi, ba Dettol ko Izal. Na san wasu matan suna ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta da niyyar tsabtace iskar ɗaki, kuma niyyar mai kyau ce, amma an taɓa gwada wannan a ƙasa guda kuma sakamakon ya yi muni ƙwarai. A shekarar 2011 likitoci a Koriya ta Kudu suka lura da wata baƙuwar cutar huhu da ke kama mata masu ciki da masu jego da ƙananan yara. Bincike ya gano cewa musabbabinta shi ne ruwan tsabtace tanki da aka shafe fiye da shekara goma ana sayarwa a kantuna, wanda mutane ke zubawa a cikin irin wannan na'ura suna kwana suna shaƙa. Ɗaya daga cikin sinadaran, wanda ake kira PHMG, ana amfani da shi wajen goge kaya, amma da ya zama feshi ya isa can cikin huhu sai ya riƙa taurarar da shi. An janye kayan daga kasuwa a ƙarshen wannan shekarar, bayan ɗaruruwan mutane sun rasu, dubbai kuma sun samu lahani. Humra ba wannan sinadari ba ce, amma ita ma haɗi ce ta mai da turaruka da aka yi domin fata da tufafi, kuma ba abin da za a tura huhun yarinya 'yar shekara biyu na tsawon awa takwas ba ne.

Ki ci gaba da ruwan gishirin da likita ya ba ki, musamman kafin barci, ki yanke wa yaron farce, domin sau da yawa ɓawon da ya bushe a hanci yake sosawa cikin barci jinin ya ɓalle. Idan haɓon ya zo, ki zaunar da shi ya ɗan sunkuyar da kai gaba, ki matse tattausan ɓangaren hancin da yatsu biyu na minti goma ba tare da saki don dubawa ba. Ɗaga kai sama da muka saba yi yana mai da jinin maƙogwaro ne kawai. Idan ya wuce minti ashirin bai tsaya ba, ko kika ga jini a dasashi ko tabo a jiki ba tare da ya buge ba, ku koma asibiti.

A wuri ɗaya zan ɗan saɓa wa Malam, ko in ce in ƙara a kan maganarsa. Rufe ɗaki ruf yana taimakon na'ura, amma mu muna cikin yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senigal har Habasha, kuma lokacin bushewa da ƙura shi ne lokacinsa. Manya a cikinmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da cutar ta kashe fiye da mutum dubu goma sha ɗaya a Najeriya, akasari a Arewa. Cunkoso a ɗakin da iska ba ta zagayawa yana daga cikin abubuwan da ke taimaka mata yaɗuwa, saboda haka a riƙa buɗe tagogi da rana a lokacin da ƙura ta lafa, kuma kada a tara mutum shida a ɗaki ɗaya don kowa ya samu tururi. Na'urar nan ba rigakafin sanƙarau ba ce, allura ce rigakafinsa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, ba abin jira a gida ba ne.

Dattijon Unguwa, Haɗeja

'Yata, Allah ya raya miki su. Na karanta abin da Malam da Malama suka rubuta, kuma ban ga inda suka kauce ba, amma ina so in tuna muku cewa hunturu bai fara a zamaninku ba. Ɗakunan da muka tashi a cikinsu na ƙasa ne masu kaurin bango da ƙananan tagogi, a lungu akwai randa wadda jikinta kullum a jiƙe yake, kuma ba a taɓa sa tsintsiya a daɓe ba tare da an yayyafa ruwa ba. Da magariba iyayenmu mata sukan shafe mu da man kaɗe tun daga fuska har diddige, har bakin hanci, saboda kaushi da faso. Wanda zai yi tafiya kuma yakan ja amawalin rawaninsa ya rufe hanci da baki, kamar yadda Buzaye ke yi har gobe, domin numfashin mutum da kansa yana jiƙa ƙyallen. Ba na cewa ba mu yi haɓo ba, mun yi, amma gidan bulo mai tayil da manyan tagogin gilashi da fanka tana juyawa dare da rana ya fi namu bushewa nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa ban cika amincewa da na'urar ba shi ne abin da na gani da idona a gidan ɗana. Sun saya da murna, mako na farko ana wankewa kullum, daga nan sai aka koma ƙara ruwa a kan na jiya. Ranar da na sa aka buɗe mini ita, gindinta ya yi santsi da yauƙi kamar bakin rijiya, kuma wannan ne jikokina ke kwana suna shaƙa. Idan kin san hidimar gida ba za ta bar ki ki kula da ita kamar yadda Malama ta ce ba, ki jiƙa babban tawul ko zane mai kauri, ki matse, ki shanya a kan kujera a ɗakin kafin ku kwanta. Da safe za ki tarar ya bushe ƙayau, kuma ruwan nan ba wani wuri ya tafi ba illa iskar ɗakin. Sai dai ina roƙonki abu ɗaya, duk tsananin ɗari kada ki shigar da kaskon gawayi ɗakin da kika rufe, ko da da niyyar ɗora tukunyar ruwa a kai ne, domin hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane cikin barci, kuma mun sha jana'izar irin haka.

Ɗalibi a Kanada

Assalamu alaikum. Baba ya yi gaskiya a kan kulawa, kuma zan ƙara da abin da na gani a nan, inda kusan kowane gida na san yana da irin wannan na'ura. Bushewar nan ta wata hanya take zuwa. Iskar waje a lokacin sanyi ba ta iya riƙe ruwa, domin a digiri sifiri iyakarta ba ta kai giram 5 a kubik mita ba, idan kuma sanyi ya kai 20 ƙasa da sifiri, kamar giram ɗaya ne kacal. Idan wannan iska ta shigo gida na'urar ɗumama ɗaki ta kai ta digiri 21, ruwan cikinta bai ƙaru ba amma ƙishirwarta ta ninka, sai ka ga ɗaki ya bushe kamar Kano a watan Janairu alhali ƙanƙara ce jibge a bakin ƙofa. Shekarata ta farko har haɓo na yi, kuma duk ƙarfen da na taɓa sai ya ja ni kamar wutar lantarki.

Kuskuren da na yi shi ne na ƙure na'urar sanya danshin har danshi ya haura kashi 60, sai ruwa ya riƙa tsiyaya a jikin gilashin taga, cikin 'yan makonni baƙar fumfuna ta fito a gefen tagar da bayan durowar kaya. A Kano bango ba ya yin sanyin da zai tara raɓa haka, amma ƙa'idar ba ta canza ba, musamman tun da kin ambaci asma, domin fumfuna da ƙananan ƙwarin da ke zama a katifa suna ƙaruwa ne idan danshi ya wuce kashi 50. Kashi 40 ya wadatar. Farar ƙurar da Malam ya ambata ma na gan ta a kan kwamfutata, ita ce ta sa na koma mai lagwani, wadda nake sauya wa lagwani idan ya taurare ko ya canza launi.

Idan wani ɗan'uwa zai aiko miki da ita daga Amurka ko Kanada, ki duba rubutun da ke gindinta, domin wutar nan bolt 120 ce, ta gida kuwa 230, kuma idan ta bolt 120 ce kaɗai, jona ta kai tsaye zai iya ƙona ta nan take. Sannan kada ki ɗauka za ta rage ƙurar hunturu, wannan aikin wata na'ura ce daban mai tace iska. Da zarar iskar damina ta fara kaɗawa, ki wanke ta, ki busar da ita sarai, ki ajiye sai baɗi.

Maman Yara, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na karɓi gargaɗin kasko, domin kuwa na taɓa tunanin yin hakan. Saura maganar ruwa, wadda har yanzu ban samu natsuwa a kanta ba. Idan na tafasa ruwan burtsatsen ya huce, ya wadatar? Ko fiya wata zan riƙa saya? Wata maƙwabciyata ta ce ruwan batir ake zubawa, wata kuma ta ce in tari wanda ke ɗiga daga bayan na'urar sanyaya ɗaki tun da shi ba shi da gishiri.

Malamin Kimiyya, Zariya

Hajiya, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta raba ruwa da gishirinsa, wani ɓangare ne kawai ke kwantawa a gindin tukunya, sauran yana nan. Fiya wata kuma ba duka ɗaya ba ne, domin wasu masana'antun suna bi da ruwan ta matatar da ke cire gishiri, wasu kuwa ruwan burtsatse ne da aka tace datti aka ƙulle a leda. Akwai gwajin da za ki yi a gida ba tare da sayen komai ba. Ki sami madubi mai tsabta, ki ɗiga ruwan burtsatse a gefe ɗaya, fiya watan da kuke sha a ɗaya gefen, ki bar su su bushe, sannan ki duba wanda ya fi barin farin zobe. Wanda ya bar kaɗan shi ya fi dacewa da mai farin tururi. Amma ki yi lissafin kuɗin tukuna, domin lita biyu da rabi leda biyar ce a kowane dare, wato jaka mai leda ashirin kwana huɗu za ta yi miki, kuma hunturu wata uku ne ko fiye.

Ruwan batir ki bar shi. Gaskiya ne wanda ake ƙara wa batir tataccen ruwa ne marar gishiri, kuma irinsa ne masu ƙera na'urar ke so, amma a bakin titi ana sayar da shi kafaɗa da kafaɗa da ruwan asid, sau da yawa a jarkokin da ba su da rubutu, kuma ba ki da hanyar sanin abin da jarkar ta taɓa ɗauka. Idan kin samu tataccen ruwa a kwalba mai hatimi daga kantin magani, wannan daban ne. Na bayan na'urar sanyaya ɗaki shi ma ba shi da gishiri, sai dai ya wanko ƙura da fumfunar da ke cikin injin kafin ya ɗigo, ga shi a hunturu ma da ƙyar yake ɗiga. Duk wannan ne ya sa, ga mai ruwan burtsatse, na fi karkata ga mai lagwani, da sharaɗin ki tabbatar mai shagon yana da lagwanin canji, ki sayi biyu ko uku tare da ita, domin na ga waɗanda tasu ta zama kayan ado saboda an rasa lagwani a kasuwa.

Shawarar Baba ta tawul tana da tushe a kimiyya, kuma ta fi ajiye kwanon ruwa nesa, domin yawan ruwan da ke bin iska ya danganta ne da faɗin fuskar da iska ke taɓawa, kuma fuskar kwano ƙarama ce. A gaskiya mai lagwani ba komai ba ce illa tawul ɗin Baba da aka sa wa fanka da tanki. Iyakarsa ita ce ruwan da tawul ɗaya ke riƙewa bai kai abin da muka lissafa ba, kuma yakan bushe tun dare bai raba ba, sai dai a shanya biyu ko uku, a kuma riƙa wanke su a shanya a rana. Gyaran da Malama ta yi mini a kan buɗe taga da rana na karɓa.

Maman Yara, Kano

Na sayo ma'aunin shekaranjiya kamar yadda Malam ya ce. A daren farko ya nuna kashi 19 a ɗakin yaran, jiya kuma da na shanya tawul biyu na toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma ya kai 28 kafin in yi barci, da asuba na tarar ya sauko 22. Gwajin madubin ma na yi, ruwan burtsatsenmu ya bar zobe fari fat, saboda haka mai lagwani zan saya, kuma na samu shagon da ke da lagwanin canji, ya ce in koma ranar Asabar. Maigidan ya ɗauki nauyin zubar da ruwan da goge tankin kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci, ni kuma wankin kwana uku. Humrar tana nan a kan madubi inda take.